Babi na Bakwai: Golan da Ya Ƙi Komawa Fili da Fuska a Buɗe

Duk wanda ya taɓa cin karo da wasan hokin ƙanƙara a talabijin, ko da yana cikin canza tasha ne, akwai tambayar da kan fara zo masa a rai: shin me mai tsaron gidan nan yake tsoro haka? Sauran 'yan wasa suna ta zamiya a kan ƙanƙara suna bin juna da sanduna, shi kuwa yana durƙushe a bakin raga, an naɗe shi da sulke tun daga kai har ƙafa, fuskarsa tana cikin kejin ƙarfe, ko idanunsa da ƙyar ake hangowa. Golan ƙwallon ƙafa da muka saba gani, safar hannu kaɗai ta ishe shi. To shi wannan me ya yi zafi?

Akwai amsa, kuma a cikinta akwai abin mamaki. Fiye da shekara 40 aka yi ana buga babbar gasar wannan wasa masu tsaron gida suna tsayawa da fuska a buɗe, ba hula ba komai. Mutum ɗaya ne ya karya wannan al'ada, sunansa Jacques Plante, ɗan ƙasar Kanada. Idan muka bi rayuwarsa daki-daki za mu gane yadda wannan sana'a take, da abin da take ci a jikin mai yin ta.

Abin da ke tahowa

Bari mu fara da abin da ake bugawa. A wannan wasa ba ƙwallo ake bi ba, wani baƙin faifan roba ne mai tauri, girmansa da siffarsa kamar gwangwanin man goge takalmi. Faɗinsa santimita 7.6, kaurinsa santimita 2.5, nauyinsa kuma tsakanin giram 156 zuwa 170. Kafin wasa ana sa shi cikin firiza ya daskare don kada ya riƙa tsalle a kan ƙanƙara, wannan kuwa yana ƙara masa tauri. Ƙwararren ɗan wasa yana iya maka shi da sanda ya tashi da gudun da ya haura kilomita 160 a awa ɗaya. A shekarar 2012 an auna bugun Zdeno Chara na ƙungiyar Boston ya kai kilomita 175 a awa. Idan aka yi irin wannan bugu daga nisan mita 18, faifan zai iso bakin raga kafin rabin daƙiƙa ta cika.

Kowace ƙungiya tana da mutum shida a fili, biyar suna yawo, ɗaya yana gadin raga. Ana buga zango uku, kowanne minti 20. Ragar ƙarama ce, faɗinta mita 1.83, tsayinta mita 1.22, alhali ta ƙwallon ƙafa faɗinta mita 7.32 ne. Mai karatu zai ce ai aikin ya zo da sauƙi ke nan. Sai dai golan ƙwallon ƙafa yana iya gama wasa bai tare bugu biyar ba, shi kuwa na hoki yakan fuskanci bugu kusan 30 a dare ɗaya, kuma ana sa ran ya tare tara cikin kowane goma, ko ma fiye. Da yawa daga cikinsu ba ya ganin tasowarsu, domin jikin 'yan wasa ya tare masa gani, wani kuma sai ya taɓa sanda ko ƙafar wani ya canza hanya a gaban hancinsa. A irin wannan hali saurin hannu kaɗai ba ya wadatarwa. Dole mutum ya riga ya tsaya a inda faifan zai bi tun kafin a buga shi.

Gurbi shida kacal

An kafa gasar NHL a shekarar 1917, ita ce mafi girma a wannan wasa har gobe, kuma yau ƙungiyoyi 32 ne a cikinta daga Kanada da Amurka. Amma daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kacal: Montreal, Toronto, Boston, Chicago, Detroit da New York. Kowace kuma gola ɗaya take ɗauka zuwa wasa. Sai a 1965 aka wajabta wa ƙungiyoyi su zo da biyu a shirye. Ma'ana, a zamanin da Plante ya taso, guraben wannan aiki a babbar gasa shida ne, ga kuma matasa a ƙananan ƙungiyoyi suna jiran wani ya yi tuntuɓe su maye gurbinsa.

Wannan shi ya sa masu tsaron gida na wancan lokaci ba sa kuka da ciwo. Idan faifai ya fasa wa mutum fuska, sai a tsayar da wasa, a kai shi ɗakin jinya a ɗinke, ya dawo ya ci gaba. Glenn Hall ya buga wasa 502 a jere ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba, duk da fuska a buɗe. Terry Sawchuk na Detroit kuwa an ƙiyasta ɗinkin da aka yi masa a fuska ya kai 400 kafin ya fara rufe ta. A idon masu horarwa da 'yan kallo, tabon fuska shi ne shaidar namiji. An taɓa samun wanda ya gwada kare kansa: Clint Benedict ya sa wani abin rufe hanci na fata a 1930 bayan an karya masa hanci, amma ya yar da shi bayan 'yan wasanni domin yana hana shi gani sosai. Daga nan maganar ta mutu kusan shekara 30.

Yaron Shawinigan

An haifi Jacques Plante ranar 17 ga Janairu, 1929, a lardin Quebec, yankin masu jin Faransanci na Kanada, ya kuma tashi a garin Shawinigan. Shi ne babba cikin 'ya'ya 11, a gidan da ba shi da hali. Sandarsa ta farko ta tsaron gida mahaifinsa ne ya sassaƙa masa daga saiwar itace, abin kare ƙwaurinsa na farko kuwa da buhun dankali da katako aka haɗa shi. Mahaifiyarsa ta koya masa saƙa don ya riƙa yi wa kansa hulunan sanyi, kuma bai daina saƙa ba har girmansa. A tafiye-tafiyen ƙungiya, yayin da abokan wasansa ke karta, shi yakan koma gefe da zarensa.

Cutar asma ce ta tura shi raga. Ba ya iya daɗewa yana gudu a kan ƙanƙara numfashinsa bai sarƙe ba, don haka ya zaɓi wurin da ba a yawan gudu. Yana ɗan shekara 12 ya samu shiga ƙungiyar makarantarsu, inda yake tsaron gida a tsakanin yaran da suka girme shi nesa ba kusa ba. Daga nan ya bi matakan da kowane ɗan wasa ke bi: ƙungiyar matasa ta Quebec Citadelles a 1947, sai Montreal Royals a 1949, sai Buffalo Bisons a Amurka. Ƙungiyar Montreal Canadiens ta fara gwada shi a ƙarshen 1952. A wasannin neman kofi na 1953 aka jefa shi cikin wani wasa da Chicago wanda in Montreal ta faɗi an fitar da ita ke nan, ya kuwa hana a zura masa ko ɗaya. A shekarar ce aka fara rubuta sunansa a jikin Kofin Stanley, wanda shi ne babban kofin gasar. Zuwa kakar 1954 zuwa 1955 ya zama golan ƙungiyar na dindindin.

Golan da ya ƙi zama wuri ɗaya

Tun kafin maganar rufe fuska ta taso, Plante ya riga ya fara saɓa wa abin da aka gada. A filin hoki ragar ba ta jingine da ƙarshen fili take ba. Akwai sarari kimanin mita uku a bayanta, kuma ana wasa a wurin. Katangar katako ce ta kewaye filin, don haka abokan hamayya sukan harba faifai ya bi jikin katanga ya zagaya ta bayan raga, su kuma su bi shi a guje. Al'adar da Plante ya tarar ita ce gola ya tsaya cak a bakin ragarsa ya bar wa 'yan baya wannan aiki. Shi kuwa sai ya riƙa fita, ya zagaya bayan raga, ya tare faifan da sandarsa, ya ajiye wa ɗan bayansa ko ya miƙa masa. Masu horarwa sun riƙa dafe ƙirji duk lokacin da ya bar raga ba kowa, amma sakamakon ya nuna cewa dabarar tana kashe hari tun bai fara ba. Yau babu golan da za a ɗauka a babbar gasa in bai iya wannan ba.

Haka nan ya lura cewa shi kaɗai ne a fili yake fuskantar wasan gaba ɗaya, tun da kowa yana gabansa. Don haka ya riƙa ɗaga murya yana gaya wa 'yan bayansa inda haɗari yake da wanda ke biye da su. Yana nazarin 'yan gaban kowace ƙungiya, yana riƙe da inda kowannensu ya fi son bugawa. Ya mai da hankali ƙwarai kan kusurwa: idan gola ya ɗan matso gaba ya tari mai bugu, abin da mai bugun ke hange na raga yana raguwa. Wannan ilimi, tare da 'yan wasa irin su Maurice Richard da Jean Béliveau da Doug Harvey, shi ya ba Montreal Kofin Stanley sau biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, abin da babu ƙungiyar da ta sake yi har yau. A waɗannan shekaru biyar duka Plante ne ya karɓi Kyautar Vezina, wadda a lokacin ake bai wa golan ƙungiyar da aka fi ƙarancin zura wa faifai a raga.

Daren 1 ga Nuwamba, 1959

Jiki magayi. A wurin atisaye, bugun abokan wasansa ya karya masa ƙashin kumatu na dama, shekara ta zagayo aka karya na hagu. Daga tsakiyar shekarun 1950 ya fara sa abin kare fuska a lokacin atisaye. A 1959 wani ma'aikacin kamfanin Fiberglas Canada mai suna Bill Burchmore ya ɗauki zubin fuskarsa ya ƙera masa garkuwa da roba mai haɗe da zaren gilashi, wadda take kwanciya a kan fata daidai da fuskar, da ramukan ido da na baki. Kocinsa Toe Blake ya yarda ya sa ta a atisaye, amma ya hana shi shiga wasa da ita. Hujjarsa ita ce za ta hana shi ganin faifan da ke kusa da ƙafarsa.

Ranar 1 ga Nuwamba, 1959, Montreal ta je New York wasa da Rangers a filin Madison Square Garden. Minti uku da farawa, Andy Bathgate na Rangers ya ɗaga faifai ya same shi a fuska. Plante ya kife a kan ƙanƙara, jini yana zuba daga hanci da leɓe, aka riƙe shi zuwa ɗakin jinya aka yi masa ɗinki bakwai. Wasa ya tsaya kimanin minti 20, domin Montreal ba ta da wani gola a benci. A nan ne Plante ya gaya wa kocinsa cewa ba zai koma fili ba sai da garkuwarsa. Blake ya fusata, amma ba shi da zaɓi. Plante ya fito da rigarsa duk jini, fuskarsa a rufe da wani farin abu mai ramukan ido. Montreal ta ci wasan 3 da 1.

Yarjejeniyar ita ce zai cire ta idan raunin ya warke. Rauni ya warke, ya ƙi cirewa, kuma jerin wasannin da ƙungiyar take ciki ba a doke ta ba ya kai 18. A watan Maris na 1960 Blake ya sa shi ya cire ta a wasa da Detroit, aka ci Montreal 3 da nema. A wasa na gaba garkuwa ta dawo, kuma bai ƙara rabuwa da ita ba.

Tsoro ne ko hankali?

Ba a karɓi abin da hannu biyu ba. 'Yan jarida da 'yan kallo da wasu tsofaffin 'yan wasa sun kira shi matsoraci. Har cikin takwarorinsa masu tsaron gida akwai waɗanda suka yi shekaru suna ƙin bin sahunsa, don gudun kada a yi musu irin wannan kallo. Amma duk wanda ya duba da idon basira zai ga inda jarumtar take. Tsayawa a gaban bugu da fuska a buɗe abu ne da kowane gola na zamanin yake yi, domin in ya ƙi akwai mai jiran gurbinsa. Tsayawa a gaban koci da jama'a a ce musu a'a, alhali aikin mutum yana hannunsu, wannan Plante kaɗai ya iya.

Ban da haka, garkuwar ta ƙara masa ƙwarewa. Mutumin da ba ya fargabar rasa ido zai iya sunkuyawa ƙasa ya leƙa ta tsakanin ƙafafun 'yan wasa ya ga tasowar faifai, ba tare da ya kau da kai ba. Hujjar ta fito fili a kakar 1961 zuwa 1962. Montreal ta rabu da babban ɗan bayanta Doug Harvey, mutane suka ce yanzu za a ga iyakar Plante. Sai ya buga dukkan wasanni 70 na kakar, ya ci 42, ya karɓi Vezina ta shida, aka kuma ba shi Kyautar Hart ta ɗan wasan da ya fi kowa amfani ga ƙungiyarsa, wadda ba kasafai mai tsaron gida ke samu ba.

Lokaci ma ya goyi bayansa. Bugu mai ƙarfi da ake ɗaga sanda sama a maka ya yaɗu, sannan a shekarun 1960 'yan wasa irin su Bobby Hull da Stan Mikita na Chicago suka fara lanƙwasa bakin sandunansu, abin da ya sa faifai ke tashi sama yana karkacewa ba a san inda zai sauka ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ɗaya bayan ɗaya masu tsaron gida suka rufe fuska. Gerry Cheevers na Boston ya riƙa sa a zana alamar ɗinki a jikin garkuwarsa a duk wurin da faifai ya buga, har ta cika da zane, kowane zane yana nuna raunin da bai samu ba. Andy Brown na Pittsburgh shi ne na ƙarshe da ya tsare raga a gasar NHL da fuska a buɗe, a 1974.

Faɗuwa da tashi

Sana'ar wasa ba ta da tabbas, ko ga gwani. Dangantaka tsakanin Plante da Blake ta ci gaba da tsami, ga asma tana hana shi wasu wasanni. A 1963 Montreal ta yi musayarsa zuwa New York Rangers, ƙungiyar da ba ta da ƙarfi a lokacin. Bayan kaka biyu marasa daɗi, ga ciwon gwiwa, ga matarsa ba lafiya, ya ajiye wasa a 1965 yana da shekara 36. A ƙarshen wannan shekara aka roƙe shi ya tsare wa matasan Montreal raga a wasan sada zumunta da tawagar Tarayyar Sobiyat, suka kuwa ci 2 da 1.

Da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12 a 1967, guraben aiki suka ƙaru, aka shiga neman ƙwararru. A 1968 ya dawo tare da St. Louis Blues, inda shi da Glenn Hall suka riƙa karɓa-karɓa, suka kuma raba Kyautar Vezina ta 1969. Ita ce ta bakwai a wurinsa, yana da shekara 40. A zagayen ƙarshe na neman kofi a 1970 da Boston, wani bugu mai ƙarfi ya taɓa sanda ya canza hanya ya same shi a goshi, ya tsaga garkuwar, shi kuma ya suma. Da ya farfaɗo a asibiti ya shaida cewa garkuwar ce ta ceci ransa.

Daga nan ya koma Toronto, inda a kakar 1970 zuwa 1971, yana da shekara 42, ya fi kowane gola a gasar ƙarancin zura masa faifai, ƙasa da biyu a kowane wasa. Ya ɗan taɓa wasa a Boston a 1973, ya rufe da Edmonton Oilers a wata gasa ta daban mai suna WHA, ya yi ritaya ta ƙarshe a 1975 yana da shekara 46. Abin da ya kai shi wannan shekaru a raga shi ne abin da ya dogara da shi tun farko: sanin inda zai tsaya. Ƙafa tana gajiya da tsufa, amma karatun wasa ƙaruwa yake yi.

Abin da ya bari

Plante ya ci wasa fiye da 430 a gasar NHL, a 82 daga cikin wasanninsa ba a zura masa ko ɗaya ba, ya ɗauki Kofin Stanley sau shida. Amma gadonsa ya wuce lissafi. Ya kafa kamfanin ƙera garkuwar fuska mai suna Fibrosport. A 1972 ya wallafa littafi kan tsaron gida, a zamanin da ƙungiyoyi ba su da kocin masu tsaron gida, kowa da kansa yake koyo. A Toronto ya ɗauki wani matashi mai suna Bernie Parent ya gyara masa tsayuwa da tunani, Parent kuwa ya je ya ɗauki Kofin Stanley da Philadelphia a 1974 da 1975. Bayan ritaya Plante ya yi wa ƙungiyoyi da dama aikin horar da masu tsaron gida. An shigar da shi Zauren Gwarzayen Hoki a 1978. Ya koma ƙasar Suwizalan da zama, ya rasu a birnin Geneva ranar 27 ga Fabrairu, 1986, sakamakon kansar ciki, yana da shekara 57. A 1995 Montreal ta jingine lambarsa ta 1, babu ɗan wasanta da zai ƙara sa ta.

Darasin da ke cikin rayuwarsa ya shafi kowace sana'a mai haɗari. Akwai al'adun da ake riƙe da su da sunan jarumta, alhali abin da ke riƙe da su tsoron bakin mutane ne da tsoron rasa abinci. Wanda ya fara kare kansa zai sha suka, amma na bayansa za su mori abin ba tare da sun san wanda ya biya kuɗinsa ba.

A babi na gaba za mu tsallaka zuwa Tarayyar Sobiyat. Ranar 2 ga Satumba, 1972, gab da wasan farko tsakanin tawagar Kanada da ta Sobiyat a Montreal, Plante ya shiga ɗakin baƙin ya zauna da golansu, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Vladislav Tretiak, ya yi masa bayanin yadda 'yan gaban Kanada ke bugu. A daren nan Sobiyat ta lallasa Kanada 7 da 3. Za mu ga yadda aka tarbiyyantar da wannan saurayi a wani tsari da ya sha bamban da na Kanada, da dalilin da ya sa duk ƙwarewarsa bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar NHL ba.